Kabarin Dogon Zongo

Ranar da Anasarar nan ta tsaya a ƙofar makabarta da takarda naɗe a hammata, har yau ba ta fita raina ba. Talata ce, cikin zafin bazarar da ta biyo daminar 1984, daminar da ba ta yi ba. Soja ke mulki. Ku da kuka kama aikin nan kwanan nan, ku saurara. Ba ni da yawan magana, kuma ba na maimaitawa.

Ni Ba'adare ne, mutumin ƙasar Tawa, sunana Idi. Farin farko, na shekara goma kafin wannan, ya cinye mini shanu da awaki, ya ɗauke matata da ɗiya biyu a kan hanya. Na iso Yamai da ƙafa. Aikin da kowa ya ƙi shi na samu, haƙa kabari a makabartar Kirista. Wasu suka ce bai dace da Musulmi ba. Na ce wanda ya faɗi haka ya auno mini hatsi. Babu wanda ya auno. Na riƙe diga da shebur shekara bakwai, sannan aka mai da ni babban mai gadi.

Ga yadda aikin yake a lokacin, don waɗanda ba su tarar ba. A sama akwai shef, shi ke riƙe da rijista, wato babban littafin da ake rubuta sunan mamaci da ranar da aka binne shi da lambar kabarinsa. Ƙarƙashinsa babban mai gadi, sannan masu haƙa huɗu. Ba a buɗe ƙasa sai an kawo takardar izini daga ofishin gari. Shef ya duba ya rubuta, ya ba ni ƙaramin ƙarfe mai lamba in kafa wajen kai. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban san baƙi ba. Amma in ka faɗa mini lamba zan kai ka kabarin ba tare da na waiga ba.

Shef ɗinmu Mushe Anatol ne, Mushe kamar a ce Malam da Faransanci, mutumin bakin teku da ya daɗe a Yamai. Ba mugu ba ne, matsoraci ne, kuma a zamanin nan tsoro ba abin kunya ba ne. Soja na iya faɗowa wurin aiki ba sallama. In ba su tarar da kai inda aka ajiye ka ba, kai da aikin sai labari. Yana jin Hausa, amma ta kasuwa. Bai taɓa zama cikin gidan Bahaushe ba.

Anasarar doguwa ce, fuska duk ta toye da rana, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba. Daga Amirka take. Ta zo tare da masu rabon abinci, ta yi wata huɗu a daji suna raba jar dawa. Takardar zamanta za ta ƙare ranar Juma'a, jirginta zai tashi da yammacin ranar. Soja ba sa ƙara wa baƙo kwana don ya yi yawon makabarta. Kwana uku ke gare ta.

Ta warware takardar a kan tebur. Itace ne aka zana, da saiwa da rassa, kowane reshe da rubutu. Tana magana da Faransanci, shef yana juya mini kaɗan-kaɗan don ina tsaye bakin ƙofa. Saiwa ɗaya mutanen Jamus ne, gona ta yi musu kaɗan suka hau jirgin ruwa zuwa Amirka. Ɗayar mutanen wani tsibiri ne wai shi Ailan. Dankalin da suke ci ya ruɓe cikin ƙasa shekara bayan shekara, yunwa ta kashe na kashewa, sauran suka gudu. Da na ji wannan na matso kusa da tebur. Ban taɓa sanin yunwa tana korar Anasara daga gida ba.

A Amirka ɗan Jamus ya auri ɗiyar Ailan, suka haifi kakanta. Ta ce shekara shida tana bin sawun dangin nan. Ta je ƙauyen Jamus ta duba littafin cocinsu, ta je Ailan ta ga kangon gidajen. Kowane suna a kan itacen yana da wurin haihuwa da wurin kwanciya. Ɗaya kaɗai ne gabansa babu komai, shi ne kakan nata. Ya bar mata da ƙaramin ɗa, ya zo Afirka yana gyaran manyan motoci, wasiƙarsa ta ƙarshe daga Yamai ta fito, kafin babban yaƙin Turawa. Ƙaramin ɗan nan shi ne ubanta. Ya tsufa, yana kwance ba lafiya, kuma abu ɗaya ya roƙe ta: ta gano masa inda ubansa yake kwance.

Ta rubuta wa shef sunan a guntuwar takarda. Ni ban ji shi ba, ku riƙe wannan. Shef ya sauko da tsofaffin rijista, ya kaɗe su. Gara ta ci wasu shafuka, waɗanda suka rage babu sunan. Matar ba ta iya zama ba. Ta fita cikin rana tana bin layi-layi, tana durƙusawa tana goge gicciye da hannu, tana tashi, tana komawa inda ta riga ta duba. Ta tafi da azahar, ta dawo da la'asar ta sake bi.

Kafin a tashi shef ya kira ni bayan biro, wato ofishinsa.

"Idi, jandarma ya zo ɗazu. Yana tambaya me Anasara take yi nan da na'urar hoto."

"Kakanta take nema."

"Na faɗa masa. Ya ce gobe zai dawo." Ya share gumi. "Kaburburan nan na kusurwar gabas, waɗanda gicciyensu ya faɗi. Ka nuna mata ɗaya. Ta yi kuka, ta tafi, mu huta."

"Suna da masu su. Soja uku ne da wata mai jego."

"Kafin ka zo aka binne su. Ina ka sani?"

"Wanda na gada ya faɗa mini."

"Mamaci ba ya kai ƙara, Idi. Tuwonmu kake wasa da shi."

"Ban nunawa, Mushe."

Na ce ya tambaye ta ko tana da hoton mutumin. Tana da ɗaya. Dogo ne, tsaye jikin kamyo, babbar motar kaya, ya ɗora hannun hagu kan ƙofa, yatsa biyu babu. Ta yi jinkiri kafin ta ba ni. Na nannaɗe shi cikin ƙyalle na sa a aljihun ciki. Lissafina shi ne, Anasaran da ya zauna garin nan takarda na iya ɓatar da shi, amma direbobi da wanzamai ba sa mantawa.

Ranar Laraba da safe na bar ɗaya daga cikin masu haƙa a bakin ƙofa na kama hanyar Zongo. Barin wurin gadi ba takarda laifi ne, na sani. Na bi ta unguwar Kalle. Gari cike yake da mutanen daji, mata da goyo zaune gindin bango, ido ya faɗa. Soja suna kwasarsu a kamyo suna fitarwa bayan gari. Wani soja ya tsayar da ni don kamannina irin nasu ne. Na ciro katin aiki daga cikin hula, ya duba, ya jefo mini. Ban kalli waɗanda ke cikin kamyon ba. Na san yadda ake zama cikinsa.

A tasha na nuna hoton ga tsofaffin direbobi. Mutum uku suka ce sun san shi. Na farko ya ce ya mutu a hanyar Gaya. Na biyu ya ce ya koma ƙasarsu. Na uku ya ce yana da rai, in zo da Anasarar ya kai mu. Duk ukun idonsu na kan aljihuna, ba kan hoton ba. Rana ta take, ban sami komai ba. Wani mai facin taya ne ya ce in daina ɓata ƙafa, in je wurin Baba Sanda wanzami, shi ya yi wa Zongo aski tun kafin a yi kwalta.

Na same shi ƙarƙashin rumfa yana wasa aska, tsoho tukuf, baki ba haƙori. Na gaishe shi na miƙa hoton. Ya kai shi kusa da ido.

"Kai, wa ya ba ka Dogo?"

"Ka san shi, Baba?"

"Shekara tara ina aske kan nan. Gashi kamar gemun masara, aska ba ta kama shi." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ne Ba'adaren nan mai gadin gicciye?"

"Ni ne."

"To kana nemansa cikin mutanenka? Ka haƙe makabartar duka, ba ka ganin ko farcensa."

Ya ba ni labarin yana wasa askarsa. Da yaƙi ya tashi, Turawan Faransa suka ce sunan mutumin nan na Jamus ne. Suka raba shi da aiki, suka kulle shi wata da watanni, suka sake shi ba ko taro. Babu Baturen da ya buɗe masa ƙofa. Direbobin Zongo suka ba shi ɗaki, suka riƙa aika masa tuwo, shi kuma yana gyara musu motoci gindin itace. Aka riƙa ce masa Dogon Zongo. Daga baya ya musulunta.

"Ni na yi masa abin da ake yi wa yara," in ji Baba Sanda, "yana da gemu har nan. Ya yi ihu da harshe uku. Unguwa ta yi wata tana dariya, shi ma yana tayawa."

Ya auri Gwamma, ɗiyar wani mai fataucin goro. Zazzaɓi ya kashe shi shekara kaɗan bayan yaƙi, aka yi masa salla aka kai shi tsohuwar makabartar Musulmi.

"Gwamma tana da rai?"

"Tana nan bayan masallaci tana ƙuli-ƙuli. Ita za ta binne mu duka."

Ranar Alhamis muka tafi mu uku a motar Anasarar, ita da ni da shef. Shef bai so zuwa ba, amma ya fi tsoron a yi abin ba ya nan. A hanya ta gindaya sharaɗi. Ta ce wata huɗun da ta yi a daji sun koya mata cewa mai jin yunwa zai faɗa maka duk abin da kake son ji. Ba ta ganin laifinsu, amma ba za ta kai wa ubanta labarin da aka ƙera don ita ba. Kowa na iya kallon hoto ya ce ya san mai shi. Sunan ne ba ta faɗa wa kowa ba sai shef. In tsohuwar nan matarsa ce, ta faɗi sunansa da bakinta. Ina gidan baya, iska na kaɗa maganar, shef kuma bai juya mini wannan ba sai daga baya. Da ya juya, da na hana tun a hanya.

Gwamma ƴar ƙaramar tsohuwa ce, hannu duk man gyaɗa. Ta shimfiɗa mana tabarma a tsakar gida, ta kawo ruwa. Na ce mata, "Iya, jikar mai gidanki ce, daga ƙasarsu ta zo." Ta goge hannu da zane ta karɓi hoton. Ta daɗe tana kallo.

"A nan a rame yake," ta ce. "Bai ci tuwona ba tukuna."

Anasarar ba ta yi dariya ba da aka juya mata. Sai duba agogo take. Ta yi wa shef magana, shef ya gyara murya.

"Tsohuwa, mijinka, mene ne suna?"

Gwamma ta sunkuyar da kai.

"Suna nasa. Faɗa."

"Mai gidan nan ne," ta ce a hankali.

"Ba mai gida ba. Suna!"

"Ku tambayi mutane. Kowa ya san shi."

Sau uku ya tambaya, yana ɗaga murya kamar kurma ce. Ita kuwa ta kama gefen tabarma tana tsinka. Anasarar ta miƙe, ta zare hoton daga cinyar tsohuwa, ta kama hanyar zaure. Shef ya ce mini, "Ta ce an ɓata mata kwana biyu. Wai matar da ta zauna da mutum ba za ta kasa sanin sunansa ba. Ka gani, Idi? Da ka ji maganata."

Ban taɓa tare wa Anasara hanya ba sai ranar. Na tsaya bakin zaure na ce wa shef ya juya mata abin da zan faɗa, kada ya rage.

"A nan mace ba ta kama sunan mijinta. Ba ta kamawa yana raye, ba ta kamawa ya mutu. Matata ta zauna da ni shekara goma sha biyu, ta mutu a hannuna, ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Da tsohuwar nan ta faɗe shi da sauri, ni zan fara ce mata maƙaryaciya."

Ta tsaya tana huci. Ta ce to yaya za ta gane wanda bai sani ba da wanda ba ya faɗa?

Na ce ta koma ta zauna. Ta jero sunayen Turawa guda shida ko bakwai, ta sa na gaskiyar a tsakiya, kada ta canza murya, kada ta kalli shef. Na durƙusa gaban Gwamma na ce, "Iya, baƙuwa za ta faɗi wasu sunaye. Duk wanda ta faɗa ki maimaita." Ban ƙara mata komai ba.

Anasarar ta fara. "Alber."

"Albar," in ji Gwamma.

"Tomas."

"Tumas."

"Fridrik."

"Firi... wannan suna ne ko kakin majina?" Matan gidan da ke leƙe daga bakin ɗaki suka kwashe da dariya. Gwamma ta gwada ta faɗe shi a karkace.

"Patrik."

"Fatiriki."

"Konrad."

Gwamma ta yi shiru. Ta jawo mayafi ta rufe baki, ta juya fuska wajen bango. Masu dariya suka yi tsit.

"Wannan ba na bakina ba ne," ta ce.

Anasarar ta daure ta faɗi wani sunan bayan shi. Gwamma ta maimaita shi daga cikin mayafi, ba ta juyo ba. Na dubi shef. Guntuwar takardar nan tana hannunsa, ya duba ta ya gyaɗa mini kai. Anasarar ta sauka daga tabarma ta zauna ƙasa, ta kama hannun tsohuwa mai man gyaɗa ta riƙe.

Da suka natsu ta tambayi kabarin. Nan muka sake cin tuntuɓe.

"Ɗiyata, mace ba ta bin gawa," in ji Gwamma. "Na ga an fita da shi ta ƙofar nan. Iyakar ganina ke nan."

Ta ce sun haifi ɗa ɗaya, ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara huɗu. Shi ma ba ta faɗi sunansa ba, ɗan fari ne. Wannan karon Anasarar ba ta matsa ba, ta juyo ta kalle ni. Na ce Baba Sanda zai faɗa mana. Cikin waɗanda suka ɗauki makarar Dogo, shi kaɗai ya rage.

Ranar Juma'a da hantsi muka ɗauki Baba Sanda a mota zuwa tsohuwar makabartar Musulmi. Na sa ta bar na'urar hoto ƙarƙashin kujera, don ba ta da izinin ɗauka, kuma akwai sansanin mutanen daji kusa, soja na gadi. Ku da kuka saba da tamu, ku sani can babu rijista, babu lamba, babu siminti. Tudun ƙasa ne da ƴan itatuwa ko fasasshiyar tukunya. Damina talatin da wani abu sun bi ta kai. Baba Sanda ya dogara da sanda ya daɗe yana waige-waige.

"Daga gawon can zuwa bakin kwarin can. A nan muka sa shi."

"Wanne?" in ji Anasarar.

Ya nuna wani wuri. Ya matsa gaba kaɗan ya nuna wani. "Ko wannan. Lokacin gawon bai kai haka ba."

Na cire takalmi na shiga. Mai haƙa yana gane inda aka taɓa buɗe ƙasa, tana ɗan lotsawa, ciyawarta daban. Na bi a hankali daga itacen zuwa kwarin, na dawo. Na sami wuri fiye da arba'in. Na nemi wanda ya fi tsawo, tunda dogo ne, amma ruwa ya cinye gefuna, wasu sun haɗe da juna. Na sake bi sau biyu. Rana ta hau, ita kuma tana bin bayana, tana duba agogo, tana duba ƙasa.

Shef ya matso ya rage murya. "Yanzu dai ka nuna ɗaya. Ba ƙarya ba ce sosai. Yana nan kusa."

Na ci gaba da duban ƙasa. Sai ita da kanta ta tsaya gabana. Ta yi magana tana kallon idona, shef yana juyawa.

"Ta ce kai ka san ƙasa. Ka zaɓi wanda ranka ya fi kwantawa da shi, za ta yarda. Ta ce ubanta ba shi da sauran kwana da yawa. Wuri ɗaya yake so a ce masa, nan ne."

Wannan ya fi na shef wuya. Matar da jiya ta ƙi yarda da tsohuwa don gudun ƙarya, yau ita ke roƙona in yi mata. Kuma na san abin da take ji. Matata da ɗiyana suna kwance wani wuri tsakanin Tawa da Doso, gefen hanya. Na koma sau ɗaya ban gane wurin ba. Da wani ya nuna mini tudu ya ce nan ne, da na durƙusa.

"Faɗa mata ban sani ba," na ce. "Yana tsakanin itacen can da kwarin can. Nan sanina ya tsaya."

Ta yi faɗa. Ba da Faransanci ba, da nasu harshen, shef ma bai ji ba. Ta tafi har bakin kwari ta dawo, ta sake tafiya. Wani soja daga nesa ya juyo yana kallonmu. Shef ya ce mu tafi, mu tafi. Baba Sanda ya zauna gindin gawo ya ciro goro.

Da ta gaji ta zo ta tsaya kansa. Ta tambaya, su wane ne sauran da ke kwance nan?

"Mutanen Zongo ne," in ji shi. "Garba direba yana nan, wanda ya ba shi ɗaki. Surukinsa mai goro yana nan. Liman da ya ɗaura auren. Mai tuwon da ta ciyar da shi shekara biyu ba ta taɓa ce masa kawo ba. Ɗansa Yusufu ma can gefe wajen yara." Ya tauna goro da dasashi. "Me take so? A ware shi a kai shi wuri shi kaɗai? Ai zaman kaɗaicin ya yi shi tun yana da rai, bai ji daɗinsa ba."

Shef ya juya mata duka, wannan karon bai rage ba.  Ta je mota ta ɗauko takardar itacen, ta shimfiɗa a kan murfin inji, ƙarfen yana ƙuna ba ta damu ba. Ta sa Baba Sanda ya maimaita sunayen ɗaya bayan ɗaya tana rubutawa a gefe. Ta ja sabon reshe daga sunan kakan. Na tambayi shef me ta sa. Ya ce Gwamma, da Yusufu. A wurin da babu komai kuma ta rubuta: Yamai, makabartar Musulmi, cikin mutanen Zongo.

Ta sauke Baba Sanda a rumfarsa, ta shiga wurin Gwamma ita kaɗai, ba mai juya magana. Ban san abin da suka yi ba. Ta fito ido jajur, ta kai mu ƙofar makabartarmu, ta wuce filin jirgi. Kafin ta wuce ta ba shef hannu. Ni ta kalle ni kawai. Ina jin har lokacin tana fushi da ni. Ba ta rubuto ba, kuma ban san ko uban ya ji kafin ya cika ba.

Jandarman nan ya dawo ranar Laraba kamar yadda ya ce, ya tarar ba na bakin ƙofa. Shef ya rubuta rahoto, aka dakatar da ni kwana takwas. Ban yi gardama ba, na bar wurin gadi, doka ce. Da na dawo aiki na tarar shef ya sa an tayar da gicciyen kusurwar gabas guda huɗu. Ya kira ni ya ce in faɗa masa abin da wanda na gada ya faɗa mini game da su, ya rubuta a rijista. Ba mu sake tayar da maganar ba har ya yi ritaya.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan. Mutane za su zo nan neman nasu, wasu daga nesa, wasu bayan shekara hamsin. In tsoho ko tsohuwa ta yi shiru, kada ku yi saurin cewa ba ta sani ba. Ku fara sanin abin da bakinta ba ya ɗauka. In kun san kabari, ku kai mutum. In ba ku sani ba, ku faɗi inda saninku ya tsaya, ku tsaya nan. Na sama da ku zai ce ku nuna kowanne. Mai neman ma zai roƙe ku, kuma nasa roƙon ya fi ciwo. Na ƙasa ba ya iya cewa ba ni ba ne, shi ya sa aka ajiye ku.

Na gama. Ku tashi, akwai haƙa biyu kafin azahar.